Zoben Tagulla a Kunnen Izzu

Salamu alaikum, ku da kuka daɗe kuna bina, da ku da yau ne farkon leƙowarku. Latifatu ce, 'yar unguwar Nima. Kun cika min waya da tambaya ko maganar aurena da Sumaila tana nan. Ban sani ba. Ku ji abin da ya faru ranar tiyatar Izzu, wataƙila ku ku gane.

Izzu ɗan yayata Salimatu ne. Izzuddeen ne sunansa na yanka, shekararsa huɗu. Uwarsa tana aikatau a Kuwait, ubansa ya bi hanyar Libiya tun yaron yana goye, shiru har yau. Ni ke masa wanka, ni ke kwana da shi, a ɗaki ɗaya da Kaka Awabu wadda ta raine mu duka.

Kafin Izzu, Yaya ta haifi uku. Duka ukun an binne su ba su fitar da haƙori ba. Wabi ke nan a wurin manya: wai ɗa ɗaya ne yake zuwa, 'yan uwansa na ɓoye su kira shi, ya koma. Da aka haifi Izzu, Kaka ba ta jira suna ba. Ta naɗe shi a zani sai Sabon Zongo, wurin wani tsohon maƙeri. Aka huda masa kunnen hagu, aka zura zoben tagulla, aka matse bakin zoben ya haɗe, babu ta inda hannu zai buɗe shi. Idan masu kiran suka zo suka gan shi da huda, sai su ce an ɓata shi, su bar mana. Ba a cirewa sai ya yi famfara.

Kada ku fara min wa'azi a ƙasan rubutun nan. Na yi boko, na yi makarantar allo, na san abin da za ku ce. Amma ku ba ku ga an fita da jariri cikin dardumar sallah ba. Ni na gani har na daina kuka.

Bara Izzu ya yi ƙaba, matse-matsinsa na dama ya kumbura, aka ce sai tiyata. A can asibitin dokarsu ce ba a shiga da ƙarfe a jiki. Wata nas ta sa almakashi ta ɓare zoben ta miƙo min, ko tambayata ba ta yi ba. Aikin ya yi kyau. Tashinsa daga maganin barci ne matsalar.

Ya buɗe ido, amma ba ni yake gani ba. Ya kurma wani ihu da ban taɓa ji a bakinsa ba, murya ce kamar ta tsohuwar akuya ana yanka ta. Ya fizge allurar ƙarin ruwa, jini ya fantsama a zanin gado. Na rungume shi ina cewa ni ce, ni ce, ya kafa min haƙori a wuyan hannu. Tabon yana nan. Manya uku suka danne shi yana harbi, har ɗinkin ya farke sai da aka sake. Can ya yi barci, ya tashi yana neman biskit kamar babu abin da ya faru.

Kaka tana tsaye a bakin ƙofa duk ta gani. Ta dubi kunnen, ta ce, "Sun zo."

Washegari ta sa aka mayar da zoben. Ta tara ni da maƙwabtan gidanmu a tsakar gida ta ce, "Duk wanda ya ƙara taɓa zoben nan, in yaron ya tafi, ransa yana wuyansa har gaban Allah."

To bana ɗaya gefen ya kumbura.

Na canza asibiti. Likitar da ke sa barci mace ce, 'yar siririya mai gilashi, Turanci take yi tana haɗawa da yaren Twi. Tare da ita akwai wata nas 'yar unguwar Maamobi, Anti Nafi, mai baki kamar rediyo. Na ba su labarin bara, na nuna tabon hannuna.

Likitar ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, abin da ya ɗan ba ni haushi. Ta ce ƙananan yara da yawa haka suke tashi daga maganin barcin tiyata. Jiki ya farka, kai bai gama farkawa ba. Yaro ya ga haske, ya ga baƙin fuskoki, ya ji zafi, bai san inda yake ba.

"Ba aljani kraa, ko ɗaya," in ji Anti Nafi. "Yaran Nkran, yaran Asante, yaran fasto, duka su na yi. Ku mutanen Zango komi aljani."

Likitar ta jawo wani ɗan akwati bai kai sabulun wanka ba, da siririyar waya, a bakinta wani abu kamar maƙalin shanya. Ta ce akwai wata jijiya da ke kwantar da jiki idan ya firgita, reshenta ɗaya ya taso kusa da fata a cikin kunne. Wannan abin yana tsikarinta da lantarki ɗan kaɗan tun yaro yana barci. Ta maƙala min a nawa kunnen. Kamar tururuwa ce ke yawo a wuri ɗaya.

"Gwada shi muke yi," ta ce. "Wasu yaran sun tashi shiru. Ba zan ce miki duka ba."

"A sa masa a na dama."

Ta girgiza kai. Na hagu kawai suke sa wa. Jijiyar na dama ta fi shafar bugun zuciya, ba sa wasa da ita. Kuma lantarki da tagulla ba sa zama a kunne ɗaya.

"Ke za ki zaɓa. Mu bar zoben mu rufe shi da filasta, babu na'ura. Ko a cire zoben, a sa na'ura."

Da ma ta ce dole ne. Da na samu wanda zan ɗora wa.

Na tura wa Yaya saƙon murya. Amsarta ta zo tana raɗa, ana jin famfo yana zuba a bayanta, na san a banɗakin madam ta ɓuya.

"Lati, ni kaina ya kulle. In aka bar shi ya yi irin na bara ya farke ciki fa? In kuma aka cire... Ke kike wurin. Ki yi abin da kika ga ya fi. Amma don Allah, don darajar Annabi, in kin cire ki mayar kafin Kaka ta gani. Kar ya kwana babu shi. Kin ji? Ana kirana."

Na saurara har wayar ta yi zafi. Ta dai ajiye min kayan ta koma goge-gogenta, kuma ban ga laifinta ba.

Da Kaka ta tambaya, tana tsinke zogale a tire, na ce, "Sun ce ana iya rufe shi da filasta."

"Ba za su cire ba?"

"Likitar da bakinta ta ce ana iya rufewa."

Ta daɗe tana kallona. Ban yi ƙarya ba, amma harshena ya yi ɗaci har yamma.

Nan Sumaila ya shigo. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai nemana. Yana gyaran waya a ƙarƙashin wata jar lema a bakin babban titin Nima. Ba ya ɗaga murya, ba ya kallon mata, ko riƙe hannuna bai taɓa yi ba. Kaka ba ta son sa. Mai ɗangalallen wando take ce masa, tun ranar da ta miƙa masa rubutu ya ce ya gode ba ya sha. Da ƙyar, da sa bakin limamin unguwa, ta yarda danginsa su kawo goro idan Izzu ya warke.

Na rubuta masa: "Kana da abin da zai buɗe tagulla bai karya ta ba?"

"Zoben Izzu?"

"E. Ka buɗe, ka riƙe min, ka mayar kafin Kaka ta iso. Ba wanda zai ji."

Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya.

"Zan zo insha Allah."

Na ji sanyi a raina. Ban lura da abin da bai ce ba.

Ranar tiyata Izzu ya tashi yana kukan koko, ga shi an hana shi ko ruwa. Ƙamshin waakye, shinkafa da waken maƙwabciyarmu Maame da ke ɗakin gaba, ya cika gidan, ya ƙara tunzura shi. Na sa masa 'yar jallabiyarsa shuɗiya ta sallah, wadda hannunta ya fara yi masa kaɗan. Ni na zura abaya ruwan ƙasa da baƙin mayafi, ko kwalli ban sa ba. Kaka ta zaunar da shi a cinyarta, ta yi masa tofi, ta kama zoben da yatsu biyu ta juya shi a cikin hudar kamar yadda take yi kullum. Gwiwoyinta ba sa hawa motar haya ta trotro, don haka ta ce Issifu mai tasi, maƙwabcinmu, zai kawo ta bayan azahar.

"Amana ce," ta ce min a bakin ƙofa.

Sumaila ya riga mu isa. Farar riga, wandon nan nasa, 'yar jakar kayan aiki a hammata. A lungun da ke gaban ɗakin tiyata ya durƙusa, ya kunna wa Izzu katun a wayarsa.

"Bra Suma, me za ka yi?"

"Kunnenka zan yi wa sabis, oga. Kar ka motsa."

Ya ciro 'yar filaya mai siririn baki, ya sa. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Na ji wani ɗan ƙas, zoben ya buɗe baki, ya zame ya fito. Hudar ta yi kore-kore a gefe. Ban taɓa ganin kunnen ɗan Adam ya yi tsirara haka ba.

"Ei, wannan ne ango?" in ji Anti Nafi tana turo gado. "Ya iya aiki paa. In ka gama ka duba min caja na."

Ban yi dariya ba. Izzu ya ga gadon ya ƙanƙame wuyana, hannuwana biyu duk suna kansa. Na ce wa Sumaila, "Riƙe." Ya sa a aljihun gaba.

Sun bar ni na shiga har inda ake sa barcin. Aka kifa masa abin shaƙa a hanci, yana ture shi yana kiran Anti, Anti. Muryar ta yi ƙasa, hannunsa ya saki mayafina. Likitar ta goge kunnen hagun da auduga, ta maƙala abin, ɗan akwatin ya kawo koren haske. Aka nuna min ƙofa.

Zaman jira ba zan iya ba ku labarinsa ba. Na ja carbi na manta me nake cewa. Duk ƙofar da ta motsa sai na miƙe. Na yi ta ganin Kaka a tsakar gida da yatsanta a sama. Na ce a raina, idan suna nan fa da gaske? Idan yanzu suna tsaye a kansa, sun gan shi babu alama, sun gane shi? Na yi a'uziyya. Tunanin ya dawo. Sumaila yana gefe yana karatu ƙasa-ƙasa. Da aka kira azahar ya tashi ya ce zai je masallacin bakin titi.

Yana fita Anti Nafi ta leƙo. "Anti Izzu, zo. An gama. Zauna kusa, in ya buɗe ido ya ga fuska da ya sani."

Yana kwance ɗan mitsitsi a tsakiyar gadon, leɓensa a bushe. Sun cire na'urar, ta bar ɗan ja a cikin kunnen. Na zauna na kama hannunsa. A gadon can gefe wata yarinya ta farka, sai ihu. Irin ihun nan. Tana harbi tana banƙarewa, uwarta tana kiran Yesu, nas biyu suka ruga. Gashin jikina ya miƙe. Na kifa tafina a kunnen Izzu don kada ya ji, don kada abin ya tsallako.

Yatsunsa suka motsa.

Girarsa ta tattare. Ya yi wani ɗan gurnani, ƙafarsa ta ja zanin. Na ce shi ke nan. Na matsar da hannuna mai tabo ba tare da na sani ba. Ya buɗe ido. Ƙwayar idon ta yi yawo a silin, ta bi fitila, ta wuce ta kaina kamar ba mutum a wurin.

"Izzu. Izzuddeen. Ni ce."

Idon ya dawo. Ya tsaya a fuskata, ya daɗe.

"Anti," ya ce, muryar a dishe. "Ƙishi."

Na kifa kaina a ƙarfen gadon na yi kukan da ban yi ba tun bara. Likitar ta zo ta duba shi, ta ce ko na'urar ce, ko da ma yau haka zai tashi, ita ba za ta rantse ba, amma ta ji daɗi. Ni ban damu da wanne ba ne. Yarona ya san ni.

An mayar da mu ɗakin yara, ya ɗan kurɓi ruwa, sai ga Sumaila. Ya ga Izzu a farke, ya yi murmushin da ban cika gani a fuskarsa ba, ya ce Allahu akbar. Daidai nan wayata ta yi ƙara. Issifu ne.

"Sista, mun shigo get. Hajiya na tambaya wane ɗaki."

Na gaya masa, na kashe, na miƙa wa Sumaila hannu. "Kawo. Fito da filayar, yi sauri, sun iso."

Bai motsa ba.

"Sumaila."

"Lati, ki saurare ni."

"Zan saurara bayan ka mayar."

"Ba ya wurina."

Na dubi aljihun rigar. A shafe yake.

"Na jefa shi a babbar kwatar da ke bayan masallaci. Ruwa ya tafi da shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ɗakin cike yake da iyaye, dole na yi ƙasa da murya, sai maganar ta riƙa fita ta tsakanin haƙorana.

"Ka ce me?"

"Kin gani da idonki. Babu zobe ya shiga, babu zobe ya fito, ga shi lafiya. Allah ne Ya nuna miki. In na mayar da shi da hannuna bayan wannan, me zan ce ranar gobe? Shirka ce, Lati. Ke ma kin sani."

"Riƙe na ce maka. Riƙe!"

"Ban yi miki alkawarin mayarwa ba."

"Naka ne? Ɗanka ne? Kai ka binne ukun?"

Ya sunkuyar da kai, amma ba irin na mai nadama ba. "Don ku na yi."

"In ya yi zazzaɓi gobe fa? In ya yi tari? In sauro ya cije shi ya kwanta? Duk abin da ya same shi daga yau har ya girma, wa za a kalla?"

"Allah ne mai..."

"Na san Allah ne! Kai za ka kwana ɗaki ɗaya da Kaka? Kai za ka amsa wayar uwarsa?"

Izzu yana kallonmu, idonsa yana lumshewa. Na ji ƙarar sandar Kaka a baranda, ƙwas, ƙwas, da muryarta tana gaida mutanen da ba ta sani ba. Na ruga wurin Anti Nafi da ke rubutu a tebur.

"Filasta. Don Allah, Anti, ɗan kaɗan."

Ta dube ni, ta dubi Sumaila. Karon farko ba ta yi barkwanci ba. Ta yanko ta ba ni. Na naɗe leɓen kunnen gaba da baya, na ninka shi ya yi kauri, na ja zanin gado har wuyansa.

Kaka ta shigo. Ta ci atamfarta mai ganye, wadda take sa wa zuwa suna, da farin mayafi, kular tuwo a hannu duk da na gaya mata ba zai ci ba. Ta ga idonsa biyu, kwance shiru, sai fuskarta ta buɗe gaba ɗaya.

"Alhamdu lillahi! Maigidana, ka tashi? Ka gane matarka?"

"Kaka," ya ce yana murmushi.

"Ka gani ba? Ba na faɗa ba? Da suka bar masa abinsa ga shi nan lafiya lau." Har Sumaila ta yi wa sannu, abin da ba ta taɓa yi ba. "Kai ma ka zo? Allah Ya yi albarka."

Bai ce amin ba.

Ta ajiye kular, ta jingina sandar, ta sunkuya tana tofi a goshinsa. Na tsaya ina roƙon Allah ta tsaya nan. Hannunta ya bi kumatunsa, ya gangara. Yatsun nan biyu suka kama filastar don su juya abin da suka saba juyawa.

Suka matsa. Suka sake matsawa.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta sa farce ta ɓare filastar a hankali, don kada ya ji zafi. Ta tsaya tana kallon hudar.

Na shirya wa ihu, na shirya wa mari. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dafa ƙarfen gadon, ta sauka ƙasa da gwiwoyin nan nata da ba sa lanƙwasuwa, ta zauna a kan siminti. Ta zare takalmanta ta ajiye gefe. Ta jawo farin mayafin ta rufe kanta har goshi, yadda na ga ta yi sau uku a tsakar gidanmu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Matar gadon kusa ta jawo ɗanta jikinta. Izzu ya ɗago kai daga filo da ƙyar, ya leƙa ƙasa.

"Kaka, wa ya rasu?"

Ba ta dube shi ba. Ta ƙarƙashin mayafin idonta ya nemo ni.

"Tambayi antinka."

Sumaila yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na ba shi lokaci ya ce shi ne. Na ƙara masa. Izzu ya juyo da kansa wurina, kunnen hagun a sama, yana jiran in gaya masa.